Giranit da fegmatit: uwa ɗaya, hali daban

Dukansu duwatsu ne, kuma daga narkakken dutse suke fitowa. Giranit yakan huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyinsa su tsaya kamar tsabar masara. Magini shi yake so.

Fegmatit kuwa, wanda ya fi burge ni, daga ragowar narkakken dutsen yake samuwa bayan giranit ya daskare. Ruwa da sinadaran boron da litiyam (ƙarfen da ake yin batir da shi) sun taru a cikin narkakken, sun rage masa kauri, sai ya kutsa tsagogin dutse. Ƙwayoyi kaɗan ne ke tsirowa, amma su yi girma da sauri. A mahaƙar fegmatit ta Etta a Amurka an samu ƙwaya guda da ta haura mita 12. Irin wannan dutsen masu haƙar litiyam ke bi a Nasarawa.