Sharhi: Sansanin da ya ba mu wurin wanda bai zo ba

Mun isa sansanin shaƙatawar da la'asar, ni da maiɗakina da yara biyu, ba mu kama wuri ta intanet ba. A bakin ƙofa an rataye allo cewa an cika. Amma da na leƙa ciki sai na ƙirga filaye biyar babu tanti babu mota, sai takarda maƙale a jikin turke mai nuna cewa a ranar masu wurin za su zo.

Mai kula da wurin, wata dattijuwa, ta rubuta sunana da lokacin isowarmu a littafi. Mu ne na uku. Ta ce, "Ɗana, ban yi maka alkawari ba, amma ka jira ƙarfe takwas." Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya kama wuri ya iso kafin takwas na dare, ko ya aiko da saƙo. Takwas na yi ta kira kowannensu sau biyu a gabanmu. Biyu suka ce suna hanya, ta bar musu nasu. Ukun da ba su ɗauka ba ta raba mana bisa layi.

Abin da ya fi burge ni shi ne dare ɗaya kawai ta ba mu, da sharaɗin mu kwashe kayanmu kafin sha ɗaya na safe. Wanda motarsa ta lalace a inda babu sabis bai rasa sauran kwanakinsa ba, mu kuma ba mu kwana a mota muna kallon fili babu kowa ba. A Amurka, tsarin Recreation.gov, shafin gwamnati na kama wuri a sansanoni, yana riƙe wa wanda bai zo ba wurinsa har lokacin fita na washegari, sannan a ci shi tarar dala 20 haɗe da kuɗin daren farko. Tarar ta dace, sai dai daren nan na farko ya tafi a banza. Kuma da yake ana buɗe yawancin wuraren tun wata shida kafin lokaci, mutane da dama kan kama su manta, ko shirinsu ya canza ba su soke ba.

Inda suka gaza: jiran awa huɗu da yara ba wasa ba ne, babu ko rumfar zama, kuma da fitilar mota muka kafa tanti. Manhajarsu ma ba ta san da wannan layin ba. Har gari ya waye tana nuna an cika, na huɗu a littafin kuma ya gaji ya tafi tun shida. Zan koma, amma ina roƙonsu su sa layin jiran a manhajar, mutum ya san matsayinsa tun yana hanya.