Shagon da ake auna rabin dala a gaban idonka

A bayan birnin Columbus na jihar Ohio akwai wani ɗan shagon tsofaffin sulalla, maƙale tsakanin mai wanki da mai gyaran waya. Duk wanda ya ce mini yana son fara tara rabin dalar azurfa ta Amurka, can nake tura shi. Wurin ba shi da wani ƙyale-ƙyale: kantocin gilashi, sikeli, fitila mai lanƙwasa wuya, sai dattijon da ke da shagon. Abin da ya sa nake yabonsa shi ne, ba ya sayar maka da ƙwandala sai ya nuna maka dalilin kuɗin da ya sa mata.

Da ka nuna wadda ranka yake so, tun ba a yi zancen kuɗi ba zai ɗora ta a sikeli. Kowane samfurin rabin dala da sunansa: daga Barber ta 1892, mai sunan wanda ya zana ta, har zuwa Kennedy ta 1964, mai hoton shugaba Kennedy, azurfa kashi 90 cikin 100 ce, nauyinta giram 12.5. Kennedy ta 1965 zuwa 1970 kashi 40 ce kawai, giram 11.5. Wadda aka buga don kashewa daga 1971 kuwa babu azurfa a cikinta, kana duba gefenta za ka ga layin jan ƙarfe.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen ba da maki, wato auna lafiyar jikin ƙwandala. Masu wannan harka suna bin tsarin Sheldon, daga 1 zuwa 70, kuma tazarar maki ɗaya tana iya ninka farashi. Wata rana na ɗauki Walking Liberty, mai hoton mace tana tafiya, ta 1941 mai alamar S, bugun San Francisco, na ga hannun hagun matar ya shafe, na ce wannan ta sha hannu. Sai ya miƙo mini madubinsa mai ƙara girma, ya riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, yana karkata ta a hankali ƙarƙashin fitila. Sheƙin ya zagaya ko'ina bai yanke ba, har kan hannun da ƙirjin gaggafar da ke baya. Ya ce bugun ne bai kama da kyau ba, kuma an san San Francisco da haka a shekarun nan. Da cuɗanyar hannu ce, da wuraren da suka fi tudu sun dushe sun yi launin toka. Wallahi wannan darasin kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Waɗanda aka taɓa gogewa faranti daban ya ware musu, da rubutu a jiki, kuma da rahusa sosai. Mu da muka taso muna ganin iyaye mata suna dirje awarwaron azurfa da toka har ya yi fes, hannunmu kan yi ƙaiƙayi idan mun ga ƙwandala ta yi duhu. Kada ka kuskura. Gugar tana barin ƙananan zane-zane, kuma PCGS da NGC, manyan kamfanonin tantancewa, ba sa ba wadda aka goge lambar maki. Yakan kuma hana mutum ɓarnar kuɗi: Franklin (mai hoton Benjamin Franklin) ko Kennedy ta gama-gari da ta sha yawo, ya ce kuɗin aika ta tantancewa zai iya fin darajarta. Amma irin Walking Liberty ta 1921 mai alamar D, wadda Denver ta buga guda 208,000 kacal, ba ya sayar da ita sai a rufe cikin robar kamfani, domin 'yan damfara suna liƙa harafin a jikin wata.

Aibinsa kuwa, Franklin ɗinsa ba su da yawa, kuma waɗanda layukan ƙararrawar da ke bayansu suka fito cikakku ya tsauwala musu kuɗi. Ba ya ciniki. Ka taya, ya yi murmushi ya mayar da ita kanta. Idan kuma kai ne ka kawo naka ka sayar, tayinsa ba ya wuce kuɗin azurfar da ke ciki da yawa, don haka mai ƙwandala mai daraja gara ya tambayi wani wurin tukuna. Ranar Asabar da wuri yake rufewa, ga cunkoso, sai ka je tsakiyar mako da hantsi in kana son ya samu sukunin zama da kai.