Ƙwararren mai duba rubutu ko ƙawa da manhaja: wanne ya dace da littafinki?

Malama, tsakanin biyan ƙwararren mai duba rubutu da barin aikin a hannun ƙawa ko manhajar kwamfuta, shawarata ita ce ki biya ƙwararren, ko da kuwa hakan zai sa ki rage yawan kwafin da za ki fitar a bugun farko.

Lokacin da na kammala littafina na gajerun labarai, an haɗa ni da wani dattijo a Zariya, tsohon malamin Hausa wanda ya daɗe yana duba rubutu a maɗaba'a kafin ya yi ritaya. Bai yarda ya karanta a waya ba, sai ya ce in buga masa a takarda, in kuma bar fili tsakanin layuka domin ya sami wurin yin alama. Da aikin ya dawo, babu shafin da jan biro bai taɓa ba, amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne bai taɓa mini salo ba ko kaɗan. Ya zaunar da ni, ya bi gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, yana bayyana dalilin da ya sa ake haɗe "yana" da "littafinsa" amma a raba "za ta", da kuma bambancin "a kan" na wuri da "akan" na abin da aka saba yi. Inda wata tsohuwa a cikin labarin take magana da Sakkwatanci, ya bar mata harshenta yadda yake, ya ce zancen bakin mutum nasa ne, bayanin marubuci ne kaɗai zai mayar zuwa Daidaitacciyar Hausa. Shi ne ya lura cewa wata yarinya ta fara labari da suna ɗaya ta ƙare da wani, shi ne kuma ya tsaya a kan wata aya da na kawo, ya ce ba zai wuce ta ba sai mun buɗe Alƙur'ani mun tabbatar da sura da lambar ayar. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a duk lokacin da na ɗauki littafin.

Abin da kike biya a wurin irin wannan mutum shi ne sanin ƙa'idojin da aka daɗe ana wahalar tsarawa. Tun daga aikin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya a 1945, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, masana sun yi ta zama domin daidaita yadda ake rubuta Hausar boko, kuma da waɗannan ƙa'idojin ne malaman jami'a da alƙalan gasar rubutu za su auna littafinki. Ƙwararre zai ma tambaye ki inda kike son littafin ya shiga, domin a Nijar ana rubuta ƴ a inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y, kuma dole a zaɓi guda a tsaya a kai daga farkon littafi har ƙarshensa.

Ƙawa kuwa, ban hana ki ba ta ba, za ta iya gaya miki ko labarin ya yi daɗi, amma iyakar abin da za ki samu ke nan, domin labarin zai ja ta ta tsallake kurakuran, kunya kuma ta hana ta faɗar wanda ta gani. Manhaja ba ta rarrabe "kasa" da "ƙasa" ko "baki" da "baƙi" a cikin jimla, tunda dukansu kalmomi ne. Arha ba ta ado.

Sai dai ki yi hattara ƙwarai, domin masu kiran kansu ƙwararru sun yi yawa a Facebook da WhatsApp, kuma da yawansu ba su taɓa buɗe littafin ƙa'idojin rubutu ba. Wani zai karɓi kuɗinki ya sauya miki girman haruffa kawai ya ce ya gama, wani zai tura rubutun cikin manhaja ya dawo miki da Hausar da ba taki ba, mafi muni kuma shi ne wanda zai saki littafin a zaurukan karatu kafin ki kai shi maɗaba'a. Kafin ki ba kowa aikin, ki gwada shi da shafuka kaɗan waɗanda kika san kurakuran da ke cikinsu, ki ga nawa zai kamo. Ki nemi ya nuna miki littafin da ya taɓa dubawa, ki tuntuɓi marubucin ki ji daga bakinsa. Ki ba da kafin alƙalami kawai, sauran kuɗin sai aiki ya dawo, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce cewa zai nuna miki kowane gyara a fili, ba zai kuma ba wani rubutun ba. Duk wanda ya ce zai duba miki cikakken littafi a dare ɗaya, ki nemi wani.

Ki kuma sanya a cikin yarjejeniyar cewa zai sake dubawa bayan mai tsara shafuka ya gama nasa aikin, domin a wannan matakin ne ƙ da ɗ da ɓ suke rasa lanƙwasarsu ko su koma 'yan akwatuna idan an sauya nau'in haruffa. Kada ki bari maɗaba'a ta fara bugu sai mai duba rubutun ya ga wannan kwafin na ƙarshe, ke ma kin gani, kun sa hannu a kai.