Kumburin ƙarƙashin harshe: a buɗe shi ko a cire tushensa?

Ana yawan tambaya wane aiki ya fi ga ranula, kumburin nan mai taushi, shuɗi-shuɗi kamar cikin kwaɗo, da ke fitowa a gefe ɗaya na ƙasan harshe. Asalinsa, bututun ƙwayar da ke samar da miyau a ƙarƙashin harshe ne ke samun rauni ko ya toshe, sai miyau ya taru.

A aikin buɗewa, likita na yanke saman kumburin, ya ɗinke gefunansa da fatar baki domin miyau ya riƙa fita. Galibi allurar kashe zafi ta wadatar, kuɗinsa kaɗan ne, a ranar ake komawa gida. Matsalarsa, ƙwayar na nan tana tsiyaya. Ƙofar da aka buɗe na haɗewa, kumburi ya dawo, kuma hakan na yawan faruwa.

Cire ƙwayar kuwa, wato tushen kumburin, galibi sai da allurar barci, ya fi tsada. Jijiyar da ke ba harshe ji da bututun miyau na ƙarƙashin muƙamuƙi duk nan suke ratsawa; idan aka taɓa jijiyar, gefen harshe kan yi dundum na wani lokaci. Amma da wuya kumburin ya dawo. Tsagar wanzami ko zuƙewa da sirinji ba magani ba ne, ƙwayoyin cuta kawai za a iya jawowa.

Ƙaramin kumburi na karon farko, musamman ga yaro, buɗewa ta dace da shi. Wanda nasa ya dawo, ko ya gangaro wuya, cirewa ta fi masa. Ƙullutu mai tauri ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, wannan sai an ɗebi nama an gwada tukuna.