Zaɓen Kayan Hura Gas Cikin Narkakken Alminiyom: Jagora ga Masu Zubin Tukwane a Sakkwato

Ƙananan ramukan da ke bayyana a jikin tukunya bayan zubi galibi aikin iskar haidirojin ne, wadda alminiyom ke sha daga damshi da zarar ya narke a digiri 660, lamarin da ke ƙaruwa da damina. Maganinsa shi ne a hura busasshen gas, wato naitirojin ko argon, ba gas na girki ba, a ƙasan narkakken ƙarfen, kumfarsa ta kwaso haidirojin ta fito da shi.

Kafin a biya kuɗi, girman kumfa ya kamata a tambaya, ba ƙarfin hurawa ba. Gas ɗin da ya bar tukunyarsa a zafin gari yakan kumbura kusan ninki uku idan ya shiga ƙarfe mai digiri 700, saboda haka miƙaƙƙen bututu, wanda ya fi kowanne araha, manyan kumfa yake fitarwa, su taso da sauri kafin su ɗebi abin kirki. Idan aka ƙara masa ƙarfi, sai saman ƙarfen ya riƙa tafarfasa yana fantsama, kashin maƙera ya yawaita, iskar waje ta sake shiga. Bututun baƙin ƙarfe kuwa narkewa yake yi a hankali yana gurɓata zubin, don haka na girafait, wato baƙin ma'adinin da ke cikin fensir, ya fi.

Kan bututu mai tsiyaya, wato mai ɗauke da ƙofofi ƙanana barkatai, yana rarraba gas ɗin, kuma a ganina shi ya dace da mai ƙaramar maƙera, ko da yake yakan toshe idan aka tsoma shi ba a fara buɗe gas ba. Injin mai farfela da ke juyawa cikin narkakken ƙarfen ya fi su duka niƙa kumfa, amma yana son wuta tsayayya ko janareta, farfelar kuma tana cinyewa.

Naitirojin ya fi argon sauƙin kuɗi, domin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, argon kuwa bai kai kashi 1 ba. Naitirojin ya wadatar ga tukwanen girki. Argon sai ga mai zubin kayan inji. Kada a kuskura a ɗauko iskar oksijin ta masu walda. A haɗa da ma'aunin gudun gas, kuma a gasa bututun sosai kafin tsomawa, domin ɗigon ruwa guda na iya watso wa mai zubi ƙarfen a jiki.