Zama a gidan iyali a Granada: ya ci kuɗinsa, amma zango ɗaya ya isa

Duk wanda ya samu gurbin karatu a birnin Granada na ƙasar Sifaniya, abin da yake fara tambayata shi ne masauki: ya kama ɗaki tare da ɗalibai, ko ya biya a sauke shi a gidan wani iyali su riƙa ciyar da shi? Ni gidan iyali na zauna, daga Satumba zuwa ƙarshen Janairu, ta hannun wani kamfani da ke haɗa baƙin ɗalibai da masu gida. Ga wanda bai iya Sifaniyanci ba, kuɗin ba a banza zai tafi ba, ko da yake ya fi na ɗakin haya tsada nesa ba kusa ba.

Wata dattijuwa ce ta karɓe ni, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, tana zaune a wani bene a unguwar Zaidín. Yarjejeniyar ta ƙunshi ɗaki, abinci sau uku, wanki a kowane mako da intanet. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2017 yana ratsa unguwar, don haka zuwa aji bai taɓa ba ni wahala ba.

Babbar ribar ita ce harshe. Baiwar Allah ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba, ga ta da surutu. Mutanen Granada kuwa haɗiye ƙarshen kalma suke yi, abin da malamin aji ya koya maka daban, abin da kunnenka zai ji a titi daban. A teburin cin abinci talabijin na kunne, tana sharhi a kan kowane labari, sannan ta juyo ta tsare ni da ido sai na tofa nawa. Tun ina gyaɗa kai kawai har na fara musu da ita. Abokan karatuna da suka kama gida da 'yan uwansu baƙi sun kai Disamba suna nuna kaya da yatsa a kasuwa.

Abinci ne inda aka yi ta ta ƙare. Da safe gasasshen burodi ne da markaɗaɗɗen tumatir da man zaitun, sai kofi. Shi ke nan fa, sai ƙarfe biyu da rabi ko uku na rana. Na dare kuma sai tara ta gota. Wannan jiki yana sabawa. Matsalar alade ce ba a sabawa da ita. Na rubuta ɓaro-ɓaro a takardar kamfanin cewa ba na ci, kuma dattijuwar ba ta taɓa sa mini tsokarsa a faranti ba. Amma a wajenta ƙashin busasshiyar cinyar alade da ake jefawa cikin tukunyar wake ba nama ba ne, kayan ɗanɗano ne. Haka ɗan ruwan giya da ake zubawa a farfesu. Kayan zaƙin Kirsimeti irin su mantecado da polvorón ma yawanci da kitsen alade ake kwaɓa su. Kamfanin bai yi mata bayanin ko ɗaya ba, sun dai gaya mata "Musulmi ne" suka wuce.

Sai da na zaunar da ita muka bi kayan girkinta ɗaya bayan ɗaya. Don Allah ta yi ƙoƙari. Ta koma kifi da ƙwai da dankali da ganye, ranar Asabar kuma in sayo kaza ko naman rago a shagunan halal na 'yan Maroko da ke kusa da titin Elvira, ita ta dafa. Wainar ƙwai da dankalinta har yau ban ci irinta ba. Yaji ne dai babu shi a gidan ko na magani. Ranar da na buɗe ƙullin da na zo da shi, atishawa ta yi ta yi har ta buɗe taga.

Sanyi kuma kada kowa ya ruɗe ka da cewa kudancin Sifaniya ne. Granada a gindin duwatsun Sierra Nevada take, daga taga kana hango ƙanƙara fari fat, daren Disamba da Janairu kuwa yakan kai ruwa ya daskare. Gidan ba shi da na'urar ɗumama ɗakuna gaba ɗaya. A falo akwai wani teburi mai zagaye da aka lulluɓe da mayafi mai kauri har ƙasa, da hita a ƙarƙashinsa, kowa ya cusa ƙafafunsa ciki kamar an kewaye kaskon wuta da hunturu. A nan na yi rabin karatuna, don hitar ɗakina ƙa'ida gare ta saboda kuɗin lantarki. Wanka da ruwan zafi ma in ya yi tsawo za ka ji gyaran murya a bakin ƙofa.

Abin da ya fi ɓata mini rai takardu ne. Ɗalibin da zai daɗe dole ya nemi katin zama na baƙi, TIE, cikin watan farko da shigowarsa, kuma an nemi in kawo shaidar rajistar adireshi daga hukumar birni. Rajistar na buƙatar sa hannun mai gida, ita kuma ta tsorata, tana ganin wani abu zai hau kanta. Na yi ta kiran kamfanin, kullum gobe. Ɗanta ne ya zo daga baya ya lallashe ta.

Dokar gidan kuwa, ba a kawo baƙo, ba a taɓa murhu. Ranar Juma'a kuma lokacin salla yana karo da na abinci, sai ta rufe mini nawa in tarar ya huce. Nakan hau tsohuwar unguwar Albaicín, in yi salla a babban masallacin da aka buɗe a 2003, wanda lambunsa ke kallon Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi. In ka yi makarantar allo, karatun Warshu da za ka ji a bakin 'yan Maroko ba zai zame maka baƙo ba.

Da Fabrairu ta kama na koma gidan haya tare da wasu ɗalibai, na ci gaba da girkina. Wanda zai gwada, kafin ya tura ko Yuro ɗaya ya nemi a rubuta masa abu uku: mai gida za ta sa hannu a rajistar adireshi, an yi mata bayanin ƙashi da kitse da giya dalla-dalla, kuma biyan wata-wata ne, ba na shekara a dunƙule ba.