Doya da kokwamba: kowacce da irin hawanta

Wani ɗan'uwa mai lambu a Jos ya tambaya: ya kafa wa kokwamba sandunan gora masu kauri irin na doya, doyar ta hau har bisa, kokwambar kuwa kullum tana zubewa ƙasa. Me ya jawo?

Malam, sandar ce ba ta dace da ita ba. Dukansu karansu ba ya iya ɗaukar kansa, domin abincin da bishiya ke kashewa wajen yin itace, su tsawo da ganye suke zuba shi, su jingina da wani abu har su kai ga hasken rana. Amma yadda suke kamawa ya bambanta.

Doya da koren wake mai hawa da jikinsu suke naɗewa. Kan tsiron yana kewayawa a iska yana lalube, da ya taɓa sanda sai gefen da ke waje ya fi na ciki saurin girma, karan ya lanƙwashe ya zagaye ta. Don haka abu tsayayye suke so: sandar mita 2 zuwa 3 ga doya, kimanin mita 2 ga wake, ko karan masara da na dawa. Kuma kowanne da hannun da yake bi. Wake da farar doya, in ka dube su daga sama, akasin tafiyar hannun agogo suke naɗewa. In ka naɗa su ta ɗaya hannun, za su warware.

Kokwamba, kabewa, duma da soso karansu ba ya naɗewa. Wasu siraran zaruruwa suke fiddawa daga gindin ganye, su ne yatsunsu. Ka tsuguna ka duba wanda ya riga ya kama igiya: bakinsa ya naɗe ta tam, sauran jikinsa ya murɗe kamar sifirin, a tsakiya kuma murɗin ya juya ya koma ɗaya hannun. Wannan murɗin ne ke jawo karan kusa da igiya, shi ne kuma ke miƙewa ya dawo idan iska ta kaɗa, maimakon ya tsinke. Sai dai yatsan nan gajere ne, ba ya iya zagaye gora mai kaurin dantse, ga santsi. Abin da bai kai kaurin fensir ba yake kamawa da kyau.

To ga gyaran. Kada ka cire gorar, ka mai da ita dirka. Ka kafa ɗaya duk bayan mita 3, ka binne aƙalla santimita 40, tsawonta a sama ya kai mita 1.5 zuwa 2. Ka ja waya sama da ƙasa, sannan ka ɗaura raga mai ido kamar santimita 15, ko ka sako igiya a kan kowane gindi. Ka yi wannan tun kokwambar tana da ganye uku ko huɗu, domin in ta riga ta yaɗu a ƙasa, ɗagawa na karya ta.

A Jos wannan aiki ba na wasa ba ne. Ruwan Yuli da Agusta yana jiƙa ganyen da ke kwance, ya fantsama masa ƙasa, ciwon ganye ya kama, 'ya'yan kuma su ruɓe ko cikinsu ya yi fari-fari a gefen da ya taɓa ƙasa, a rage musu kuɗi a kasuwar Farin Gada. Dirkokin bakin layi su fi ƙarfi, a ja su da igiya zuwa turke, saboda nauyin 'ya'ya da iska mai tafe da ƙanƙara na iya kwantar da layi gaba ɗaya. A riƙa duba gindinsu kuma saboda gara.

Tumatir kuwa ba ya naɗewa, ba shi da yatsu. Sai an ɗaure shi da tsumma mai laushi, a gitta ɗaurin tsakanin kara da sanda, a bar masa sarari yadda zai yi kauri bai shaƙe ba.